A Auna Ruwan Haɗeja, A Gwada Yumɓunta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san amfanin yumɓu: da shi ake gina randa da tulu da tukunya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, masana kimiyya sun tabbatar cewa wasu irin yumɓu suna iya tsotse yuraniyom da siziyom da makamantansu daga cikin ruwa. Ƙwayoyin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, kuma suna janyo waɗannan sinadarai kamar yadda mayen ƙarfe ke janyo allura. An ga haka bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, inda laka ta riƙe siziyom gam a saman ƙasa.

To, me ya haɗa Haɗeja da wannan batu? Kogin Kano ya taso ne daga duwatsun wajen Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ya ratsa madatsar Tiga, ya gamu da Kogin Challawa, suka zama Kogin Haɗeja. Tarkacen kuza kuwa yakan ƙunshi yuraniyom da toriyom. Takin zamani na fosfet, irin wanda ake zubawa a fadamu, shi ma yana ɗauke da ɗan kaɗan. Wannan dafi ba shi da launi, ba shi da wari, tafasawa ba ta kawar da shi, kuma yawansa yana lahanta ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance yuraniyom ga maikirogiram 30 a kowace lita ta ruwan sha.

Amma kada a ruɗi talakawa. Zuba ruwa a randa ba zai wadatar ba, domin gasa yumɓu yana rage masa wannan ƙarfi. Kuma yumɓu ba ya kashe dafin, tara shi kawai yake yi, saboda haka tilas a tanadi wurin binne wanda aka tace ruwa da shi.

Ya kamata Gwamnatin Jihar Jigawa da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su fara auna ruwan rijiyoyi da burtsatse, su buga sakamakon kowa ya gani. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana da na'urorin wannan aiki. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma su gwada yumɓun fadamun, a san wanda ya fi inganci. Awo ba shi da tsada in an kwatanta da jinyar ƙoda. Riga-kafi dai ya fi magani.