Shanun Birnin Kudu ba su da tozo

A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu wanda mutanen da can suka bari. Wanda ya ƙura musu ido zai ga abin da zai ba makiyayin yau mamaki: ga ƙaho, ga wuya, amma akasarinsu gadon bayansu a miƙe yake, babu tozo. Bunaji da rahaji da gudali da suka cika rugagenmu kuwa duk masu tozo ne. Ke nan mai zanen yana shaida mana cewa kafin waɗannan, wasu shanu dabam ake kiwo a ƙasar nan. Bai rubuta ko harafi ɗaya ba, amma saƙonsa ya iso.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an kira irin wannan zane wasan yara ko aikin aljanu. Magana ce aka yi da hannu. A kusa da zanen akwai duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su, waɗanda masani Bernard Fagg ya yi nazari a kansu a shekarun 1950.

Haka nan a Dabous ta Nijar, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan dutse, babban ya haura mita 5, an fitar da zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya. Daga bakin kowanne an ja layi zuwa wani ɗan ƙaramin mutum a ƙasa. Yau mai son ganin raƙumin dawa a daji a Nijar galibi sai ya gangara Kure, kusa da Yamai. Dutsen Dabous ne ke ba da labarin cewa inda rairayi ya mamaye, da akwai itatuwa da ruwa.

Irin wannan zane yana buƙatar kariya: Faransa ta rufe kogon Lasko mai zanen mutanen da a 1963, shekara 23 da gano shi, don numfashin baƙi ya fara cin zanen, ta kuma buɗe kwaikwayonsa a 1983. Ni ban ce a rufe namu ba. A kai 'yan makaranta su gani, tun daga firamare, malami ya tambaye su ina tozon ya tafi. A kuma ja musu kunne kada su shafa dutsen da hannu, kada su watsa masa ruwa don hoto ya fito, kada su rubuta sunansu da gawayi a gefen saniyar.