Motata Ba Ta Da Fistin, Ina Son Ta, Amma Kar Ka Yi Koyi Da Ni

Ranar da na fara kai motata gareji, ogan wurin ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya zagaya, ya sake leƙawa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, ina sauran injin?" Na ce ai ke nan gaba ɗayansa. Ya ce to shi dai fulogi huɗu ya ƙirga, ke nan fistin huɗu ne. Na ce masa babu fistin ko ɗaya a ciki. Yaran garejin suka kwashe da dariya, sun ɗauka zolayar ogansu nake yi. Shi kuwa ya goge hannu da tsumma, ya sauke bonet a hankali, ya ce, "Allah Ya sa alheri, amma wannan ba tawa ba ce." A lokacin na ji haushi. Yanzu kuwa ina ganin duk cikin bakanikan da na yi hulɗa da su babu wanda ya kai shi gaskiya.

Motar Mazda RX-8 ce. Tun da na fara ɗora hotunanta a Instagram, kusan kowane mako sai wani matashi ya turo min saƙo: ya ga irinta a hannun dillali, kuɗinta bai ma kai na Corolla sa'arta ba, ya saya? Wani ma ya ce kuɗin da ya tara na shekara uku ne, kuma ita ce za ta zama motarsa ta farko. Shi ya sa na ga gara in amsa wa kowa a nan, a buɗe.

Bari in fara da abin da ya sa take daban, don in ba ka gane wannan ba, ba za ka gane daɗinta ko wahalarta ba. Injin motar da ka sani, fistin ne ke hawa da sauka a cikinsa. Wannan kuwa wani ƙarfe ne mai kusurwa uku, gefunansa da ɗan lanƙwasa, yake juyawa a cikin wani gida mai kama da kwanson gyaɗa. A juyawar nan yake shaƙar mai da iska, ya matse, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. Irin wannan ƙarfe guda biyu ne a RX-8, kowanne da fulogi biyu, duka injin kuma lita 1.3 ne kacal. Wani injiniya Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro tsarin. Kamfanoni da dama sun gwada sun watsar, Mazda ce ta nace tun daga motarta Cosmo Sport ta 1967. A 1991 motarsu ta tsere, 787B, mai irin wannan inji, ta ci gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, kuma ita ce motar Japan ta farko da ta yi hakan. Sai a 2018 Toyota ta biyo bayanta. RX-8 ɗin an yi ta daga 2003 zuwa 2012, kuma duk tsawon shekarun nan abin da aka ƙera bai kai dubu 200 ba. Corolla kuwa ta haura miliyan 50 tun 2021. Riƙe waɗannan lambobi biyu a ranka, za mu dawo kansu.

Daɗin tuƙinta gaskiya ne, ba zuzutawar 'yan intanet ba ce. Mai giyar hannu tana juyawa har dubu 9 a minti, inda yawancin motocinmu sun fara kuka tun daga dubu 6. Kuma babu jijjiga. Kana taka totur ƙarar na ta siririncewa tana hawa, sai ka ji wata 'yar ƙararrawa ta yi maka tsiwa, alamar ka kusa ƙurewa, canza giya. Injin ƙarami ne, saboda haka an tura shi baya can kusa da direba, nauyin motar ya rabu kusan rabi gaba rabi baya. Amfanin wannan sai a kwana kake jinsa. Ka ɗan murza sitiyari, hancin motar ya riga ya shiga inda idonka ke kallo. Wata asuba na fita hanyar bayan gari, titi fayau, iskar hunturu na shigowa ta taga, na yi tafiyar da ba ni da inda za ni, na dawo gida ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Na tuƙa Camry shekara da shekaru, ta kai ni ko'ina lafiya lau, amma ban taɓa tashi da asuba don kawai in tuƙa ta ba.

Ga kuma ƙofofinta. Huɗu ne, na bayan ƙanana, kuma ta baya suke buɗewa, babu ginshiƙi a tsakani. Duk inda ka faka sai an taru. Ba zan ɓoye maka ba, wannan ma yana cikin abin da ya ja ni.

To yanzu ɗaya ɓangaren.

Wannan inji yana shan baƙin mai, kuma ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Akwai wani ɗan famfo da ke ɗiga man cikin ɗakin ƙona fetur don ya jiƙa wasu siraran ƙarafa da ke bakin kusurwoyin nan uku. Su ne ke riƙe matsin injin, su ne ransa. In suka cinye, matsi ya tafi, inji ya tafi. Saboda haka duk shan mai biyu sai na zaro sanda na duba, kuma kullum da galan a but. Wasu masu ita har man da ake haɗa wa ƙaramin janareto suke zubawa a tanki don ƙarin kariya. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce yawancin masu tambayata ba su san rariya ce ba, tulu suke zato.

Fetur kuma fa? A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, cikin gari kusan kilomita 7 take yi a lita ɗaya. Corolla ta shekarunta tana yin wajen 11. Wato inji lita 1.3 amma cikinsa na jif. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wannan abin raha ne a majalisa. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, har lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, rahar ta ƙare. Akwai watannin da motar ta fi kwana a rumfa, ni kuma ina cikin A Daidaita Sahu da makullinta a aljihu.

Sannan tana da ka'idojin da in ka karya za ta hukunta ka nan take. Wata Asabar na tada ta, na matsar da ita taku goma don a wanke, na kashe. Shi ke nan, ta ƙi tashi. In ka kashe irin wannan inji da sanyinsa, fetur na iya taruwa ya jiƙe fulogi. An rubuta wannan ko'ina, ni ne ban karanta ba, laifina ne ɗari bisa ɗari. Na kira wani bakanike na unguwa, ya yi ta bugun sitata har batir ya mutu, daga nan ya yanke hukunci: inji ya buga, a cire a saka na Toyota. Da na biye masa da tuni an gama da ita. Daga baya na gano cewa in ka danne totur har ƙasa kana murza makulli, kwamfutar motar na tsayar da fetur har injin ya bushe. Da wannan da sababbin fulogi ta tashi.

Nan ne lambobin can biyu suke dawowa. Mota miliyan 50 na nufin duk lungun da ka lalace akwai wanda ya taɓa kwance irinta, kuma kayanta na jibge a Ƙofar Ruwa, a Panteka, a Apo, a Ladipo, sabo da na hannu. Mota ƙasa da dubu 200, wadda akasarinta ma Amurka da Japan da Turai aka kai, na nufin fulogi sai ka yi oda ka jira makonni, da dala. Ko auna matsin injin sai da na'urarsa ta musamman, ta gama-gari ba ta ba da cikakken bayani. Wanda zai buɗe injin ya sake ɗaure shi daidai kuwa, sai an tona.

Wani zai ce ai ba adalci ba ne a gwada motar wasa da Corolla. Haka ne. To mu gwada ta da kishiyarta ta gaskiya, Nissan 350Z, wadda suka fito kusan lokaci ɗaya. Z tana da inji V6 lita 3.5, dawaki 287 a farkon fitowarta, RX-8 mai giyar hannu kuma 232. A tashin farko daga danja Z za ta bar ni, don ƙarfinta tun daga ƙasa yake, nawa kuwa sai na kai allura sama. Amma ba wannan ne babban bambancin ba. Injin Z ɗan gida ɗaya ne da na Murano da Altima da Maxima da Infiniti G35, motocin da suka cika titunanmu. Bakaniken da ya san Murano ba zai tsaya yana tambayar ina sauran injin ba. Haka BMW jerin 3, wadda 'yan wasan mota na Abuja suka fi so: tana da nata rigimar, amma akwai masu gyaranta, akwai kayanta, akwai mai saye ranar da ka gaji. Ni ranar da na gwada sa tawa a kasuwa don in ji farashi, dillalai biyu tambaya ɗaya suka yi min: "An canza mata inji?" Da na ce a'a, na asali ne, sai suka rage kuɗin. Ka ji fa. Abin da ya sa motar ta zama ita, shi ne aibinta a kasuwarmu.

Kuma a kan wannan canjin inji ina da magana. Mota taka ce, kuɗi naka ne. Amma RX-8 da aka cusa wa injin Camry, ni a wurina kamar a ɗaura wa jaki sirdin hawan daushe ne. Nauyin gaba ya canza, ƙarar ta tafi, juyin dubu 9 ya tafi, sai ƙofofi kawai suka rage na ɗaukar hoto. In hoton kake so, akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi.

Tunda na ambaci doki, ai mu ba baƙin wannan lissafi ba ne. Duk wanda ya taso kusa da gidan da ake ɗaure doki ya san kuɗin sayensa shi ne ƙaramin abu. Dawa ce, harawa ce, kanwa ce, mai kula da shi ne, kilisa ce ko kana so ko ba ka so, don in ya daɗe a turke ya lalace. Babu mai hankalin da zai sayar da babur ɗin da yake zuwa aiki da shi ya sayi doki wai don ya same shi da araha. Amma kuma babu wanda ke ce wa mai doki wawa don dokinsa ba ya dako. Shi ya sa nake saɓa wa 'yan "Toyota ko ba komai", masu ganin duk wanda ya sayi abin da ba Corolla ba asararre ne. Ba komai ake auna shi da kilomita nawa a lita ba. In da kowa haka yake tunani, da duk titi launin toka ne.

Sai dai arahar nan da ke ruɗar ku, ku tsaya ku tambayi dalilinta. Mota mafi ƙuruciya a cikinsu ta 2012 ce. Yawancin waɗanda ke isowa nan na 2004 zuwa 2008 ne, kuma waɗannan su ne Mazda da kanta ta tsawaita wa garantin inji a Amurka zuwa shekara 8 ko mil dubu 100, wanda duk ya ƙare tuni. Mai ita a can sau da yawa ya sayar ne don ya ji alamun matsi ya fara sauka. In har ka nace sai ka duba wata, kar ka yarda da tashin safe. Ka tuƙa ta ta yi zafi sosai, ka kashe, ka sake tadawa nan take. In ta yi ta jan sitata kafin ta kama, ka miƙa makulli ka yi sallama. Kuma ka guji mai giyar otomatik, ƙarfinta bai kai ba, allurarta a dubu 7 da ɗari 5 take tsayawa. Ka ɗauki duk wahalar ka bar rabin daɗin.

Ban ma yi maganar ƙasa-ƙasan da take da shi ba. Duk wani tudun rage gudu da 'yan unguwa suka gina da siminti sai na hau shi a karkace, ina addu'a. Damina kuwa, in ruwa ya kwanta a titi, juyawa nake. Ga wanda kuma yake son ta don ya je ɗaurin aure ya yi ta juyi a tsakiyar jama'a yana tada ƙura: don Allah kar ka ce ni na ba ka shawara. Mun ga yadda irin wannan wasa ke mayar da gidan biki gidan makoki, kuma motar ba ta san ɗan wa ta buge ba.

Ga wanda ya tara kuɗin shekara uku, amsata a'a ce. Sayi wadda za ta kai ka aiki ranar Litinin, ta kai Hajiya asibiti da tsakar dare ba tare da ka tsaya jiran inji ya yi ɗumi ba. In Allah Ya buɗa ka samu ta biyu, kana da rumfa, kana da haƙurin karanta littafin mota da kallon bidiyon gyara har ƙarfe ɗaya na dare, kuma ka riga ka ware kuɗin sake ɗaurin inji ka manta da su, to zo mu yi magana, zan ma raka ka dubawa. Tawa dai tana nan. Koyil huɗu na yi oda tun makonni uku da suka wuce, an ce sun iso Legas.