Filin Tarbiyya: Idan 'Yarki Na Son Zane, Ki Fita Da Ita Gona

 A wannan wata zan yi magana ne da uwar da ta gaji da ganin bayan littafin 'yarta cike da zane-zane, har ta kai ga tsawa ko bulala. Uwargida, ki sassauta. Baiwa ce Allah ya ba ta, aikinki shi ne ki nuna mata inda za ta kai ta.

Na san abin da ke ranki, wato hukuncin zane. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da zanen hotuna yake cin abinci. Ya gargaɗe shi a kan zana masu rai, sannan ya ce idan lallai sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Mu kuwa a nan yankin Yankwashi me muka rasa? Ga duwatsun Roni, ga ruwan dam ɗin Kazaure, ga kuka da gawo da rumbuna a gonakin Karkarna.

Fentin mai na masu zane daban yake da na gwangwani da ake shafa wa ƙofa. Yana zuwa ne cikin 'yar roba ko ƙarfe irin na man goge baki, dabarar da wani Ba'amurke, John Rand, ya fito da ita a 1841. Ita ce ta sauƙaƙa wa masu zane irin su Monet na Faransa barin ɗaki su zauna a fili suna kallon abin da suke zanawa. A ƙasarmu ma ilimi ne mai daraja, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashe guda na koyar da shi.

Mai koyo ba ta buƙatar kaya da yawa. Ki yi saƙo Kano a sayo launi huɗu: ja, ɗorawa, shuɗi da fari. Shuɗi da ɗorawa ke ba da kore, ja da ɗorawa ke ba da ruwan goro. Sai buroshi biyu, tsumma, ɗan kananzir na wanke buroshi, da guntun falanki da bai wuce faɗin allon karatu ba, a shafe shi da farin fenti ya bushe tukuna.

Ku fita da hantsi ko bayan la'asar, ku zauna a inuwa. Ta zaɓi abu ɗaya, ko da bishiya ɗaya ce da rumbu. Ta fara da manyan wurare masu duhu, da fenti kaɗan-kaɗan, sannan ta ɗora masu haske da kauri. Kada ta tsaya ƙirga ganye. Kada kuma zaman ya wuce awa biyu, domin rana na tafiya, inuwar da ta fara da ita za ta canza wuri.

Fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba, don haka ranar da iskar hunturu ta taso da ƙura a haƙura. Ki adana kayan nesa da ƙanana da murhu, tsumman da ya sha mai kuma a shanya shi a waje, kada a cusa shi a lungu, yana iya kamawa da wuta.

Zanenta na farko ba zai yi kyau ba, amma kada ki yi dariya. Ki rubuta kwanan wata a bayansa ki ajiye, ki gwada shi da na goma.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.