Daga Haɗa Baƙi Zuwa Fahimta: Bashin da Yaron Arkilla ke Bin Manazarta Hausa

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar harshe ta 2022, wadda ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa jarrabawa. Masana sun mayar da martani, suna kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci suka kuma yi fice. Martanin ya dace. Sai dai akwai tambayar da ta fi kusa da mu: shin mun tanadar wa Hausa kayan aikin da za ta ɗauki karatu da lissafin yaro ɗan shekara shida?

A ɗauki misalin yaron da ya tashi a Arkilla, cikin birnin Sakkwato. A gida yana cewa "biyat", "zamna", "munka", "wanga". A littafin aji ɗaya zai tarar da "biyar", "zauna", "muka", "wannan". Tazarar ba ta da yawa ga babba, amma ga mai koyon danganta sauti da harafi tana da nauyi, musamman idan malami ya ɗauki furucin gida a matsayin kuskure. Ga kuma matsala ta biyu: rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin birni, tana iya nufin abin tuƙa tuwo, kuma jimla ce kaɗai ke raba gardama. Ke nan yaro zai iya haɗa baƙi daidai, ya karanta layi a bayyane, alhali bai san abin da ya karanta ba.

Shirin "Mu Karanta!", wanda aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauci ƙarƙashin aikin NEI Plus da hukumar USAID ta fara a 2015, ya samar da littattafan ɗalibi da jagoran malami na aji ɗaya zuwa uku. Ya yi abin a yaba. Amma aikin da aka jingina da tallafin waje yana da wa'adi, kuma mataki na gaba, wato littattafan labarai masu hawa-hawa da ke koya wa yaro tambayar "me ya sa" da "me zai biyo baya", aikin masu harshe ne.

Lissafi ya fi fuskantar sakaci a nazarce-nazarcenmu. Ƙidayar Hausa tana da wata falala: "goma sha uku" ta fayyace goma da uku ƙarara, abin da sunayen Ingilishi na 11 da 12 ba su yi ba. Amma daga ashirin zuwa casa'in aro ne daga Larabci, kuma babu abin da ke nuna wa yaro cewa "talatin" goma uku ce. Tsohuwar ƙidaya ta "gomiya biyu", "gomiya uku" tana nuna wannan a fili, don haka gada ce ingantacciya wajen koyar da matsayin lamba. Haka ma "ashirin babu biyu" darasin ɗebewa ne da yaro ke ji a kasuwa tun kafin ya shiga aji. Bugu da ƙari, tambayar lissafi da aka rubuta cikin jimla jarrabawar fahimtar karatu ce tun kafin ta zama ta tarawa ko rabawa.

Saboda haka, ya kamata Sashen Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su haɗa kai da masu horar da malamai kan abubuwa uku: jagoran da ke kwatanta Sakkwatanci da daidaitacciyar Hausa domin malamin aji ɗaya, jerin kalmomin lissafi da aka gwada a bakin yara, da gajerun labarai masu tambayoyin fahimta. A kuma amince da irin wannan aiki a matsayin bincike mai kai malami ga ƙarin girma, domin rashin hakan ne ke sa a guje shi.

Manufofin gwamnati suna sauyawa da sauyin ministoci. Abin da zai kare matsayin Hausa a aji shi ne shaidar yaron da ya karanta ya gane, ya kuma ƙirga ya dace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma samar da wannan shaida yana wuyanmu.