A Bar Alkama Ta Zama Alkama

Akwai wata al'ada da ta fara shiga tsakanin waɗansu masu wa'azi da tafintoci a Parakou da Djougou, wadda ya kamata a tsawata mata. In sun zo inda Littafi Mai Tsarki ya ce alkama, sai su ce masara ko dawa. Hujjarsu ita ce, ba a noman alkama a arewacin Benin, ƙasar doya ce da dawa, don haka a ba jama'a abin da suka sani. Nufinsu mai kyau ne, amma gyaran gangar auzinawa suke yi.

Kalmar Ibrananci ita ce hitta, jam'inta hittim, 'yar'uwar hinɗa ta Larabci. Ba kowane hatsi take nufi ba. Ibraniyawa suna da dagan don hatsi gaba ɗaya, suna da se'ora don sha'ir. In marubuci ya zaɓi hitta, ya san abin da yake nufi.

Ku duba Fitowa 9:31-32. Ƙanƙara ta lalata sha'ir a ƙasar Masar domin ya riga ya yi kai, amma alkama ta tsira gama ba ta nuna da wuri. Sa masara a wurin, ka ɓata labarin. Kada sunan ya ruɗe mu: masara daga Amurka ta fito, ba ta ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Musa bai taɓa ganinta ba. Haka kuma Rut 2:23: Rut ta yi kala tun daga girbin sha'ir har ƙarshen girbin alkama, wato daga wajen Afrilu zuwa Yuni. Idin Makonni ma da nunan farin alkama aka ɗaure shi (Fitowa 34:22). Dawa kuwa sai damina ta wuce muke yankanta. Wanda ya sauya hatsin ya rikita lissafin idodi duka.

Kuma wa ya ce Bahaushe bai san alkama ba? Tun zamanin da fatake ke bi ta Djougou zuwa Gwanja neman goro, ana nomanta a fadamun Kano, ana yin alkaki da funkaso da gurasa. Sunanta daga Larabci muka aro shi, ƙamh, kuma tushensa ɗaya da kemah, wato gari a Ibrananci. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 bai rasa kalmar ba. Yaron da ya sayi burodi a kasuwar Arzeke da safe, alkama ya ci, ko da bai taɓa ganin gonarta ba.

'Yan'uwa, ku tuna inda muke zaune. Maƙwabtanmu a zango akwai malamai masu Larabci, sun san alkama, sun san dawa. In sun ji mun mai da wannan waccan, me za mu ce sa'ad da suka zarge mu da taɓa Littafi?

Aikin mai fassara shi ne ya faɗi abin da aka rubuta. Aikin mai koyarwa shi ne ya bayyana. In jama'a ba su san tsiron ba, a sayo tsabarsa a kasuwa, a zuba musu a tafin hannu, a ce ga hitta. Wannan ya fi sauƙi, ya kuma fi gaskiya.