Ɓarawon Tawaga: A Kore Shi Ko a Bar Shi?

 

Wannan watan wani ƙanenmu ne mai bibiyar filin nan ya turo min saƙo, wai in raba musu gardama shi da abokinsa. Suna buga Baldur's Gate 3, gem ɗin nan da ya fito a 2023, wanda mutum huɗu kacal ake bari ka fita da su a lokaci guda. Shi yana so ya ajiye Astarion, ɓarawon tawagar, ya ɗauko Karlach, wata ƙatuwa mai gatari, ya sa a gurbinsa. Abokin ya ce in ya yi haka ya kashe gem ɗin. Dalilan ƙanen namu biyu ne. Na farko, wai ɓarawon ba shi da jini, duka biyu ya zube. Na biyu kuwa ya ba ni dariya: yayarsa ta ji shi yana cewa "ɓarawona ya buɗe akwatin", ta ce wallahi sai ta faɗa wa Baba irin abin da yake koya a ɗaki.

To ƙanena, gyara zama. Amma bari in fara yi wa sauran jama'a bayani, don na san da yawanku in an ce gem, ƙwallo kawai kuka sani, sai ko Mortal Kombat. Akwai wani nau'in gem da ake kira RPG. Shi kamar dogon fim ne, sai dai kai ne darakta. Ana ba ka tawaga, kowa da sana'arsa: ga barde mai takobi da sulke, ga matsafi mai jefa wuta, ga mai magani da ke mayar wa mutane jininsu, sannan ga ɓarawo. Haka za ku yi ta tafiya gari-gari, kogo-kogo, har ku isa wajen babban bos.

Ku 'yan kallo ai kun riga kun san amsar tun kafin in faɗa. Ku tuna Sholay na 1975. Da Thakur ya tashi neman waɗanda za su kamo masa Gabbar Singh, ai ba bataliyar soja ya ɗauko ba. Ɓarayi biyu ya nemo, Jai da Veeru, wato Amitabh Bachchan da Dharmendra, saboda ya taɓa ganin aikinsu da idonsa. Haka a The Hobbit, wanda Peter Jackson ya yi fim uku da shi daga 2012 zuwa 2014. Wadanni goma sha uku ne, da gatura da takubba, amma Gandalf ya dage sai an ƙara da Bilbo a matsayin ɓarawon tafiyar. Da aka isa dutsen da dodo Smaug ke kwance kan zinare, wa aka tura ya lallaɓa ciki? Shi ɗin dai da aka raina.

Su kansu masu ƙirƙirar irin wannan wasa sun gano haka da wuri. Kakan duk waɗannan gem shi ne Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Da farko sana'a uku ce a ciki: mayaƙi, matsafi, da mai addu'a da magani. A 1975 aka ƙaro ɓarawo. Me ya sa? Saboda kogon da ake shiga ba dodanni kaɗai ne a ciki ba. Akwai ƙofa a kulle, akwai akwati a garƙame, akwai tarko a ƙasa, kuma takobi ba ya maganin ko ɗaya.

Wannan shi ne amfaninsa na farko: ido da hannu. A tsohon Baldur's Gate na 1998, in ka shiga kogo ba ɓarawo a gaba, sai dai ka ji wuta ta tashi ko kibau sun fito daga bango, matsafinka ya faɗi tun ba a ga abokin gaba ba. Imoen, yarinyar da ke biyo ka tun farkon labarin, ita ce ke hango tarkon, ya yi ja a ƙasa, ta kwance shi, sannan kowa ya wuce. Ba za ka ga lambar wannan aiki a allo ba kamar yadda kake ganin ta dukan barde. Shi ya sa ake raina shi. Jinin da ba ka rasa ba, ai ba ka san an cece shi ba.

Na biyu, kaya. A nan bari in ba ku labarin kaina, ku yi min dariya. Lokacin da na fara buga Final Fantasy IX, wanda ya fito a 2000 a PlayStation da faifai huɗu, jarumin kansa ɓarawo ne, Zidane. Ku 'yan fim za ku so labarin: ƙungiyarsu Tantalus 'yan wasan kwaikwayo ne a fili, ɓarayi a ɓoye, sun zo birnin Alexandria yin wasa don su sace gimbiya Garnet, ashe ita ma neman mai sace ta take yi. To ni gani nake sata ɓata lokaci ce. Duk zagayen da ya zo kan Zidane, sara kawai nake sa shi. Wani abokina kuwa ba ya kashe bos sai ya yashe shi tas. Tun a faɗan farko, wanda ake yi da ubangidansu Baku sanye da abin rufe fuska, ya zare wuƙar Mage Masher, wadda ta fi wadda Zidane ke riƙe da ita. Kuma a gem ɗin nan daga jikin makami da sulke ake koyon sabbin dabaru, ka ga duk abin da ya sata da wuri, dabara ce ya samu da wuri, ga kuɗin saye ya rage masa.

Inda abin ya fi ƙona min rai shi ne can ƙarshe. Zidane yana da wani duka, Thievery, wanda ƙarfinsa ya dogara da yawan satar da ka yi nasara tun farkon gem. Mai naci zai iya kai shi 9,999, wanda shi ne ƙurewar duka a gem ɗin. Nawa da na gwada, kai jama'a, ko sauro albarka. Abokina ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ranar na yarda ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Haka Rikku take a Final Fantasy X na 2001. In kuka haɗu da injinan yaƙi, barde zai yi ta sara, ita kuwa hannu ɗaya za ta kai, ta zare wani abu daga jikin injin, ya wargaje nan take. Locke na Final Fantasy VI na 1994 kuwa, wanda ke jin haushi in an ce masa ɓarawo, wai shi mai neman taska ne, har tufafin ɗan kasuwa da na soja ya tuɓe a garin South Figaro, ya yi shigar burtu ya wuce masu gadi. Wane barde ne zai iya wannan?

Na uku, sauri da sara ta bayan fage. A nan ne nake zargin ƙanenmu bai iya riƙe Astarion ba. In ka tsayar da shi gaba da gaba da ƙato, dole ya zube, don ba aikinsa ba ne. Shi yana da wani sara na musamman da ke ƙara ɓarna sosai, sau ɗaya a kowane zagaye, amma da sharaɗi: ko dai ya fito daga ɓoye, ko kuma wani ɗan tawagarku yana tsaye kusa da abokin gabar. Wato barde ya riƙe hankalin bos, ɓarawo ya zagayo. Daga mataki na biyu zai iya ɓuya ko ya ja da baya ba tare da ya yi asarar dukansa ba. In ka zaɓa masa reshen ɓarawo zalla a mataki na uku, har ƙarin motsi ɗaya ake ba shi a kowane zagaye. Ka ba shi baka, ka ɗora shi kan tudu, ka ga aiki.

Na huɗu, gudu. Eh, gudu! A Final Fantasy na farko, na 1987, ɓarawon ko sata bai iya ba, don sauri aka gina shi, sai daga baya ya rikiɗe ya zama Ninja ya fara ba da mamaki. Zidane ma yana da dabarar fitar da tawaga daga faɗa nan take, sai dai a zubar da 'yan kuɗi. Duk wanda ya taɓa yin awa biyu bai yi sebin ba, jinin kowa ya yi ja, maganin ya ƙare, ya san gudu ba tsoro ba ne. Gudu da waiwaye ne ke kawo mugun zato, amma gudun ceton awa biyu, wannan hankali ne.

Amma don Allah kar a ce na zama lauyan ɓarayi. Yana da nasa aibun. Kwaɗayi na farko. A Final Fantasy IX akwai wani ƙaton bos, Hilgigars, mai riƙe da sarewar Fairy Flute, wadda damar sace ta ɗaya ce cikin 256. Mutane sun kwana a kan wannan sarewa, alhali ana iya sayen ta a gaba. In ka ga sata ta fi cin lokaci a kan abin da za ta kawo, kashe bos ɗin ka wuce. Sannan gem na yanzu sun sassauta. A Baldur's Gate 3 kowa na iya gwada buɗe makulli, matsafi yana da tsafin buɗe ƙofa, ƙato na iya fasa akwati. Sai dai kowanne da farashinsa: tsafin da aka kashe a ƙofa ba za a same shi a gaban bos ba, kuma wanda hannunsa bai ƙware ba zai yi ta karya kayan aiki.

Yanzu maganar Yaya. Gaskiya ba ta yi laifi ba da ta damu, domin mu dai a gidajenmu babu sunan da ya kai wannan muni. Amma ka zaunar da ita ka nuna mata abu biyu. Na ɗaya, yawancin aikin ɓarawon tawaga kwance tarko ne da buɗe hanya da ƙwace makami daga hannun azzalumi. Na biyu, su kansu gem ɗin ba sa barin mai satar kayan bayin Allah ya sha. A Baldur's Gate 3 in aka kama ka da hannu a aljihun mai shago, masu gadi za su tare ka, ko ka biya, ko kurkuku, ko faɗa. A The Legend of Zelda: Link's Awakening na 1993, in ka fice da kaya daga shago ba ka biya ba, daga ranar sunan da ka sa wa kanka ya tafi, kowa ɓarawo zai riƙa kiran ka har ƙarshen gem, in kuma ka koma shagon mai shi ya gama da kai. Yuffie ta Final Fantasy VII na 1997 kuwa, 'yan tawagarta ta yashe, ta kwashe musu duwatsun tsafi ta gudu garinsu Wutai, ƙarshe su ɗin ne dai suka cece ta daga hannun miyagu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, har a cikin gem. Mun kalli Hrithik Roshan yana sata a Dhoom 2 a 2006, mun tafa, amma ba wanda ya ce a kwaikwaya. Na allo daban, na unguwa daban.

To ga hukunci, ƙanena. Abokinka ya fi ka gaskiya, amma ba duka ba. Ba za ka kashe gem ba don ka ajiye Astarion, ana iya gamawa ba shi. Sai dai in kana da barde ɗaya a tawaga, ƙara na biyu maimaita abin da kake da shi ne, cire ɓarawo kuwa rasa abin da ba ka da madadinsa ne. Shawarata: in za ku shiga kogo ko gidan ƙasa da ba ku sani ba, ya zama yana gaba. In kun tabbata fili ne na gwabzawa zalla, ku koma sansani ku ɗauko Karlach, ai ba kuɗi ake biya ba. Kuma kafin ka ce ba ya duka, ka gwada shi daga ɓoye tukuna, ka turo min sakamako.

Ku kuma furodusoshinmu, ga ɗan tsokaci. Fim ɗin Dungeons & Dragons: Honor Among Thieves na 2023, Chris Pine ne jarumin, amma Michelle Rodriguez ce ke yin dukan, shi nasa tsara dabara ne, kowa a tawagar da ranarsa. Mu kuwa sau da yawa jarumi ne mai kyau, shi ne mai ƙarfi, shi ne mai wayo, abokinsa sai rakiya zance da riƙe makullin mota. A ba abokin jarumi aikin da in babu shi labarin ba zai tafi ba, a ga yadda 'yan kallo za su riƙe sunansa.

Nan zan dasa aya. Wa kuka fi so a cikin ɓarayin nan, Zidane ko Rikku ko Astarion? Ina jiran saƙonninku. A gaida Yaya, a ce mata ta yi haƙuri kar ta kai ƙara. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.