Wa Zai Ɗauki Alhakin Wanda Ƙugiya Ta Danne?

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na shanu da hatsi da manyan motoci. Daga wannan gari na Jihar Yobe, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, tireloli ke tashi da shanu da wake da gero su doshi Kurmi, sannan su nemi lodin komowa a Apapa da Tin Can a Ikko, ko a Onne kusa da Fatakwal. A bayan kowace mota akwai direba da yaran mota, a bayansu kuma akwai ɗimbin samari 'yan ci-rani da suka bi sawu, suka zama leburori a tasoshin jiragen ruwa da wuraren gine-gine. Su ne ke tsayawa a ƙarƙashin ƙugiyar ɗaga kaya tun safe har dare, suna ɗaura sarƙa, suna tarbar kwantena da rodi da bulo. Ranar da sarƙa ta tsinke kuwa, sai a naɗe gawa a kai maƙabartar Agege, a aika gida da cewa kwana ya ƙare. Wai shin har yaushe za a ci gaba da rufe maganar ran talaka da wannan kalma guda?

Babu mai musun cewa rai na hannun Ubangiji. Amma abin da ya faru a Makka ya isa ya zama darasi ga duk mai son fakewa da ƙaddara don ya tsere wa alhaki. Ranar Jumma'a 11 ga Satumba 2015, ana shirin aikin Hajji, aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, wata ƙatuwar ƙugiya ta rikito cikin Masallacin Harami, mutum 111 suka rasu, har da alhazan Nijeriya, kusan 400 kuma suka ji rauni. Hukumomin Saudiyya ba su ce iska ce suka yi shiru ba. Sun kafa kwamitin bincike, aka gano cewa an bar hannun ƙugiyar a miƙe sama, saɓanin umurnin waɗanda suka ƙera ta. Sarki Salman ya dakatar da ba kamfanin Binladin sababbin kwangiloli, ya kuma yi umurni a ba iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya. A 2023 kotu ta ci kamfanin tarar riyal miliyan 20 saboda sakaci. Idan a Ɗakin Allah an iya bambance hukuncin Allah da gangancin ɗan kwangila, mene ne hujjar wani manaja a Apapa ko Lekki?

A farkon wannan watan na Satumba 2015 ɗin ne kwantena ta suɓuce daga bayan tirela a kan gadar Ojuelegba a Ikko, ta murƙushe ƙananan motoci, mutum uku suka mutu. Aka yi ta surutu, aka yi alkawura, ƙura ta lafa. Ranar 29 ga Janairu 2023, a wannan wuri dai, wata kwantenar ta faɗa kan motar fasinja, mutum tara suka halaka. Irin wannan haɗari tun daga wurin lodi yake somawa, domin kwantena tana da kusurwa huɗu, kowace kusurwa da makullin da ke riƙe ta a jikin tirela. Idan ƙugiya ta dire ta a gurguje, babu wanda ya murɗa makullan, ko kuma motar ba ta da su sam sai wata ruɓaɓɓiyar sarƙa, to an ɗora wa direba ajalin bayin Allah ne ya shiga gari da shi. Kuma idan abin ya auku, direba da yaronsa ake farauta, mai kaya da mai ƙugiya suna ofis suna shan iska.

Abin takaici shi ne, ilimin kauce wa wannan ta'asa ba wani boyayyen sirri ba ne. Kowace ƙugiya tana da takardar nauyi daga masana'anta. Wadda aka rubuta wa tan 25 tana ɗaga hakan ne kurum idan kayan na dab da gindinta. Da zarar an miƙa hannunta nesa, ƙarfinta sai ya yi ta raguwa, har abin da bai kai rabin haka ba ya iya kifar da ita. Kwantena mai ƙafa 40 in ta cika tana kai wa tan 30, saboda haka ɗaga ta da ƙiyasin ido wasa da rai ne. Shi ya sa tun 1 ga Yuli 2016 dokar sufurin teku ta duniya ta hana a ɗora kwantena a jirgi sai an tabbatar da nauyinta. Haka nan igiya biyu da aka rataya kaya da su, gwargwadon buɗewar tsakaninsu gwargwadon wahalar da suke sha. In buɗewar ta kai digiri 120, kowace ɗaya tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya. Ƙafafun tokare kuwa, in ba a fitar da su duka an shimfiɗa musu katako mai kauri ba, ƙasar Ikko mai laushi da damina za ta haɗiye ɗaya, motar ta tuntsura. Ga wayar lantarki a sama, wadda hannun ƙugiya ba ya bukatar ya taɓa ta kafin wuta ta yi tsalle.

Sauran ƙa'idojin ma yaro ya iya riƙe su. Mutum ɗaya tak ke ba matuƙi ishara, amma kowa na da ikon cewa a tsaya. Ba a shiga ƙarƙashin kayan da ke lilo, ba a tare su da hannu sai da doguwar igiya daga gefe. Igiyar ƙarfen da silinta suka fara tsinkewa, da sarƙar da aka yi wa walda ko aka ƙulla da ƙusa, wurinsu bola. Iska in ta taso a sauke kaya, a sauke hannu. Direban tirela ya fito daga mota ya koma gefe har a gama lodi, sannan ya zagaya ya ga makullai huɗu da idonsa. Wanne ne a cikin waɗannan ya fi ƙarfin kamfanin da ke karɓar kwangilar biliyoyi? Gaskiyar magana ita ce sabuwar sarƙa kuɗi ce, tsayawar aiki na awa ɗaya hasara ce, shi kuwa lebura in ya faɗi akwai goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Wannan lissafin 'yan jari-hujja shi ke kashe mutane.

Kada kuma wani ya ce babu doka. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a rubuta iyakar nauyi a jikin na'urorin ɗaga kaya, a kuma sa ƙwararre ya riƙa duba su lokaci-lokaci, sannan a 2018 an ƙara fitar da ƙa'idoji na musamman kan kayan ɗagawa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da sufetocin da aikinsu ke nan. To, leburori nawa ne suka taɓa ganin sufeto ya tsayar da ƙugiya ya ce a nuna masa takardar dubawa? Akwai kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai aiki biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi ga asusun NSITF, kuma ta haɗa har da ma'aikacin wucin-gadi da wanda aka ɗauka da fatar baki. Ta ba wanda ya ji rauni, ko magadansa, kwana 14 su sanar da mai aiki, shi kuma kwana 7 ya kai rahoto, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Amma da yake ɗan ci-rani bai san da wannan ba, sai a damƙa wa 'yan'uwansa kuɗin likkafani da na mota, su yi godiya su tafi, marayu kuma su tashi babu kuɗin makaranta.

A nan tilas a gaya wa na gida gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Alhazan Potiskum da sauran masu tireloli ba za su wanke hannunsu ba. Mai motar da ya san bayanta ba makullai, ya kuma tura ta ɗaukar kwantena don kada ta dawo wayam, shi ma da hannunsa a cikin jinin. Ɗan kamashon da ke kwaso samari daga ƙauye ya jefa su ƙarƙashin ƙugiya ba horo, ba hular kwano, ba ko sunansu a rajista, ciniki yake yi da 'ya'yan mutane. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan kuwa, bai kamata aikinsu ya tsaya ga sasanta magana da jagorantar jana'iza ba. Sulhun da ake yi a zaure kan 'yan kuɗi kaɗan, shi ke ba mai sakaci ƙarfin halin maimaitawa gobe.

Don haka ya wajaba ƙungiyar masu motoci ta NARTO da ƙungiyoyin direbobi su hana duk motar da ba ta da makullai shiga layin kwantena. Ƙungiyoyin 'yan Arewa a kowane birni su buɗe littafi, su rubuta sunan kowane lebura da wurin aikinsa da wanda ya ɗauke shi, su kuma tanadi lauyan da zai bi diyya kafin wa'adi ya wuce. Gwamnatin Yobe da 'yan majalisar da Potiskum ta tura Abuja su tambayi Ma'aikatar Ƙwadago a bainar jama'a: ƙugiya nawa aka duba bara, kuma wa aka gurfanar? Shi kuma lebura ya sani cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne; wanda ya ƙi shiga ƙarƙashin tsohuwar sarƙa ya rasa kuɗin yini guda, amma ya kwana da ransa. Uwar da ta sallami ɗanta a tashar Potiskum neman halali ta tura shi, kuma haƙƙinta ne ya komo mata da ƙafafunsa.